Yara 14,000 a Kurkuku, 30,000 a Makarantun Horo da na Sana'a: Yadda Ingila Ta Yi da Kangararrun Yaranta

Akwai wani adadi da ke ta yawo tun wajen 2015, ya kuma ƙara samun gindin zama da fitowar littafin Young Criminal Lives a 2017. Masana huɗu, Barry Godfrey da Pamela Cox da Heather Shore da Zoe Alker, sun bi sawun yara kusan 500 da aka taɓa kaiwa makarantun horo da makamantansu a arewa maso yammacin Ingila, daga zamanin Sarauniya Biktoriya zuwa farkon ƙarni na 20, suka tarar kashi 22 cikin 100 ne kaɗai aka sake samu da laifi bayan fitarsu. Jaridun Birtaniya suka ɗauki wannan suka jera shi da adadin lokacin, inda kusan bakwai cikin goma na yaran da aka sako daga tsare ke komawa ga laifi kafin shekara ta zagayo, suka ce ashe mutanen da sun fi na yau sanin kan tarbiyya. Ba ni da ja da binciken, aiki ne na haƙuri da bin diddigi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne darasin da ake tsamowa daga cikinsa, wai idan aka kulle yaro shekara huɗu ko biyar aka gasa masa aya a hannu, zai fito shiryayye. Makarantun nan sun fitar da yara daga kurkuku, wannan gaskiya ne. Amma sun riƙe yara ninkin ba ninkin waɗanda kurkukun ya taɓa riƙewa a lokaci guda, kuma ɗan alherin da aka samu a cikinsu daga sana'a da aikin yi ya fito.

A 1856 an tura yara 'yan ƙasa da shekara 16 kusan 14,000 gidajen yari a Ingila da Wales. Kafin Biktoriya ta rasu a 1901, adadin ya sauko ƙasa da 2,000 a shekara. Wannan shi ne abin da ake tafa wa. Sai dai wajen ƙarshen ƙarnin, yara fiye da 30,000 ne ke ƙarƙashin ikon makarantun horo da makarantun sana'a na tilas a faɗin Birtaniya. Adadin biyu kuma ba iri ɗaya ba ne. Na farko yara ne da suka shiga suka fita a cikin shekara, yawancinsu bayan mako biyu ko wata guda ko uku. Na biyu yara ne da ke hannu a rana ɗaya, kowanne da shekaru a wuyansa.

Daga ina laifin yaran ya ɓullo tun farko har ya tayar wa ƙasa hankali? Talauci kam ba ya buƙatar dogon bayani. Jama'ar Ingila da Wales ta ninka tsakanin 1801 da 1851, daga kusan miliyan 9 zuwa kusan miliyan 18. Landan ta haura mutum miliyan biyu. Yunwar Ailan ta 1845 zuwa 1852 ta kwararo da dubban iyalai Liverpool ba ko tabarmar kwana. Tsohon tsarin koyon sana'a, inda yaro ke zama a gidan maigidansa yana ci yana kwana har ya ƙware, ya soma rushewa, sai yara suka cika tituna suna talla, suna share hanya don a jefa musu kwabo, suna tsintar gawayi da ƙusa a taɓon kogin Thames idan ruwa ya janye. Amma talauci ya girmi 1816, shekarar da wani kwamiti na masu taimakon jama'a a Landan ya fitar da rahoto yana kururuwar cewa laifin yara ya yi ƙamari. 'Ya'yan talakawa sun daɗe suna ɗaukar abin da ba nasu ba. Abin da ya sauya shi ne matakin da hukuma ke ɗauka idan sun ɗauka, kuma a ganina nan ne asalin maganar take.

A ƙarni na 18, wanda aka yi wa sata shi ne mai gabatar da ƙara. Shi zai kama ɓarawon ko ya sa a kama, ya kashe kuɗinsa, ya rufe shagonsa ya je ya jira zaman babbar kotu, ya tsaya ya ba da shaida. Doka kuma ta yi tsananin da har rataya take yankewa kan satar da ba ta taka kara ta karya ba. Mai shagon da ya kama yaro da burodi ko hankici, da wuya ya ɗauki wannan ɗawainiya don kawai ya ga an rataye ɗan maƙwabcinsa ko an tura shi bangon duniya. Sai ya kwaɗa masa mari, ya ja kunnensa zuwa wurin ubansa, magana ta mutu a nan. Irin wannan laifi ba ya shiga kowane kundi, don haka ba wanda ya ƙirga shi.

Daga 1820 sai Majalisar Dokoki ta shiga jero dokoki. Ta wannan shekarar ta sauƙaƙa hukunta shiga gonar mutum da ɓarnata masa shinge ko itace. Ta 1824 ta mai da bara da kwana a waje da tsayuwa a lungu cikin yanayin da ɗan sanda ya yi zargi duk laifi ne. Ta 1827 ta ba majistare ikon ɗaure wanda ya tsinki 'ya'yan itace a lambun wani. A 1829 Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan, wato mutane masu albashi waɗanda aikinsu shi ne su yi ta sintiri a titi suna duba wanda za su kama, kuma ba wanda ya fi yaro mara takalmi sauƙin kamu. Dokar 'yan sandan birnin ta 1839 ita ce ta fi nuna inda aka dosa. A cikin abubuwan da ta hana a kan titi akwai tayar da wasan takarda mai tashi sama idan ya dami masu wucewa, da sulɓi a kan ƙanƙara, da gara gare-gare a gefen hanya, da ƙwanƙwasa ƙofar mutane a gudu. Ɗan mai hali yana da lambun gidansu da zai yi duk waɗannan. Ɗan talaka titi ne filin wasansa, titi ne kasuwarsa, wani lokaci titi ne ɗakin kwanansa. Doka ɗaya ce ga kowa a rubuce, amma yaran unguwa ɗaya take kamawa.

Sai dokar 1847, wadda da niyyar jinƙai aka yi ta. Kafin ita, yaron da aka kama da ƙaramar sata yakan shafe makonni a kurkuku cikin manyan fursunoni yana jiran zaman babbar kotu. Dokar ta ce majistare biyu su yanke wa ɗan ƙasa da shekara 14 hukunci nan take, ɗaurin da bai wuce wata uku ba, ko tara, ko bulala. A 1850 aka miƙa ta zuwa shekara 16. Jiran ya ragu, amma kai ƙara ya zama mai arha da sauri, hukuncin kuma ya yi sauƙin da mai shago ba zai ji ya ɗauki alhakin rai ba. Yaron da a da za a ja wa kunne, yanzu sai a miƙa shi ga ɗan sanda. Masaniyar tarihi Susan Magarey ta nuna tun 1978 cewa babban ɓangare na hauhawar da ta firgita mutanen wancan zamani daga waɗannan dokoki da wannan sabon sintiri ya fito. Ƙasa ta faɗaɗa ma'anar laifi, ta ɗauki masu kamu, ta rage kuɗin shari'a, sannan ta dubi alƙaluman da ta haifar da hannunta ta ce yara sun lalace.

A cikin kundin hotunan fursunonin gidan yarin Wandsworth na 1872, wanda ke ajiye a ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya, akwai wani yaro ɗan shekara 10 da lambar fursuna a ƙirjinsa. Zomaye biyu ya sata. Hukuncinsa wata guda da aiki mai tsanani. Aiki mai tsanani ga yaro irinsa yawanci shi ne a zube masa tsohuwar igiyar jirgin ruwa da ta sha kwalta, ya zauna yana tsefe ta zare-zare da yatsunsa har su farfashe, ba magana da kowa, abinci burodi da kunu. Bayan wata guda a buɗe masa ƙofa. Ya fito da askin kurkuku a kansa, duk unguwa ta san inda ya je, ba maigidan da zai ɗauke shi aike, ga shi kuma ya yi sababbin abokai waɗanda suka girme shi a sana'ar sane. Komawarsa ciki sai dai a ƙirga kwanaki. Alƙalai suna ganin yara iri ɗaya sau biyar sau shida, suna kiran su ɓarayin gado, alhali gajeren ɗaurin da su kansu ke yankewa shi ke rufe wa yaron kowace ƙofa sai ta sata.

A da akwai inda ake zubar da irin waɗannan. Ana loda su a jirgi zuwa Ostireliya. Gidan yarin Parkhurst, wanda aka buɗe wa yara maza a tsibirin Wight a 1838, ya tura kimanin 1,500 zuwa Ostireliya da New Zealand tsakanin 1842 da 1852. Amma mazauna can sun gaji da karɓar fursunoni: New South Wales ta daina a 1840, Tasmaniya a 1853. Dokar makarantun horo ta zo a 1854. Duk wanda ya ce tausayi ne kaɗai ya haife ta, ya dubi waɗannan shekaru biyu da ke manne da juna.

Tausayin dai akwai shi, kuma sunan da ya fi cancanta a ambata shi ne Mary Carpenter ta Bristol. Ta buɗe makarantar yaran titi a unguwar talakawa a 1846, ta ga da idonta yadda ɗalibanta ke shiga kurkuku suna fitowa sun fi da lalacewa, ta rubuta littafi a kan makarantun horo a 1851, ta haɗa kai da alƙalin Birmingham Matthew Davenport Hill suka kira taro a birnin a ƙarshen wannan shekarar. A 1852 ta buɗe makaranta a Kingswood, a 1854 ta buɗe Red Lodge ta 'yan mata da taimakon kuɗin Lady Byron. Hujjarta ita ce yaro yaro ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da ɗan titi ya rasa gida ne da mai ƙaunarsa. Ita da abokan tafiyarta sun ɗauki misali daga Rauhe Haus kusa da Hamburg a Jamus da gonar Mettray a Faransa, inda ake raba yara gida-gida, kowane gida da mai kula da shi. Makarantar gona ta Redhill, wadda aka buɗe a 1849, a kan wannan tsari aka gina ta.

Abin da ya fito daga Majalisa bai kai abin da Carpenter ta nema ba. Dokar 1854 ta ce yaro ɗan ƙasa da shekara 16 da aka samu da laifi sai ya fara yin aƙalla kwana 14 a kurkuku, sannan a wuce da shi makarantar horo na shekara biyu zuwa biyar. Carpenter ta yaƙi wannan sharaɗi har ta rasu a 1877. Masu goyon bayansa, irin su Barwick Baker mai makarantar Hardwicke da Sydney Turner na Redhill, suna ganin dole yaro ya ɗanɗana kuɗarsa tukuna, kada talaka mai gaskiya ya ga ana ciyar da ɗan ɓarawo kyauta nasa ɗan yana kwana da yunwa. Su suka yi nasara. An rage kwanakin zuwa 10 a 1866, an bar wa alƙali zaɓi a 1893, ba a soke sharaɗin gaba ɗaya ba sai 1899. Shekara 45 ke nan ana fara gyaran yaro da tambarin da aka ce ana son a raba shi da shi. Sannan a duba nauyin hukuncin: babban mutum ya saci takalmi ya yi wata guda ya koma gida, yaro ya saci takalmin nan ya yi mako biyu a kurkuku da shekara biyar a makaranta. Duk sunan da aka ba wurin, shi da uwarsa ɗauri suke kiransa.

Inda na fi ganin tsarin ya karkace shi ne wajen kuɗi. Gwamnati ba ta gina makarantun ba. Ƙungiyoyin addini da masu hannu da shuni ne suka gina su suke tafiyar da su, gwamnati ta ba su takardar amincewa, ta riƙa biyan su kuɗi kowane mako bisa kan kowane yaro. Iyaye kuma doka ta ce a karɓi har sule 5 a mako daga hannunsu, a lokacin da leburan gona a kudancin Ingila bai samun sule 10 a mako. Wannan kuɗi bai taɓa shigowa yadda aka zata ba, gudummawar masu kuɗi ita ma ta yi ta ja da baya da zarar abin ya daina zama sabo. Me ya rage? Gumin yaran. Maza suna noma, suna faskare, suna ɗinkin takalma da tufafi, wasu makarantun suna ba manoma hayar su. 'Yan mata suna wanki da guga na mutanen gari, ana cewa ana koya musu aikatau. Doka ta yarda a saki yaro da sharaɗi ya je ya yi aiki a waje idan ya yi wani ɓangare na wa'adinsa ya kuma nuna hali nagari. Amma yaron da ya natsu, ya iya aiki, ya yi ƙarfi, shi ne wanda makaranta ta fi cin moriyarsa, sakinsa kuma asara biyu ce, ta kuɗin gwamnati da ta aikin hannunsa. Kwamitin gwamnati da ya binciki makarantun a 1896 ya soki wannan ɗabi'a ta riƙe yara fiye da kima. Masu makarantun suna da ikon ƙin karɓar yaro, don haka mara lafiya da mai naƙasa, waɗanda suka fi kowa buƙatar mafaka, su ne aka fi mayarwa.

Duba kuma ya yi ƙaranci. An naɗa Sydney Turner sufeto na farko a 1857, ya riƙe muƙamin har 1876. Kafin 1860 makarantun horo sun kusa 50 a Ingila da Wales, daga baya makarantun sana'a suka ninka su, amma masu zagayawa dubawa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Sakamakon da ake bugawa kowace shekara, cewa kashi kaza na waɗanda aka sallama suna zaman lafiya, masu makarantun ne da kansu ke tattara shi.

Yaran ba su bar littattafai ba, amma sun bar shaida ta wata hanya. A kogin Mersey an girke tsofaffin jiragen yaƙi guda biyu a matsayin makarantun horo, Akbar na yaran Furotesta tun 1856 da Clarence na yaran Katolika tun 1864, yawancin na biyun 'ya'yan Ailan ne na lungunan Liverpool. Yara ɗari biyu ko fiye a cikin jirgi ɗaya, suna kwana a ragar lilo, suna wanke daɓen katako da asuba cikin sanyin hunturu, suna hango garinsu a gaɓa ba damar taka shi. A 1884 yaran Clarence suka cinna masa wuta ya ƙone ƙurmus. Aka kawo wani jirgin aka ba shi sunan, aka yi bore a cikinsa a 1886, a 1899 shi ma yara suka ƙone shi. A Akbar an yi bore a 1887. A Landan, a 1881, wata mamba a hukumar ilimi ta birnin, Elizabeth Surr, ta tona asirin makarantar sana'a ta St Paul, inda aka samu yunwa da duka da sanya wa yara mari, mai makarantar kuwa shi ne shugaban kwamitin da ke kula da irin waɗannan makarantu a hukumar. An rufe ta. Ko Red Lodge ta Mary Carpenter tana da ɗakin kulle a ƙarƙashin ginin, abin da ke nuna cewa tsarin ya fi ƙarfin niyyar wanda ya kafa shi.

Babban kumburin adadi bai fito daga makarantun horo ba, daga makarantun sana'a ya fito, kuma su ne aka fi mantawa da su. Dokar 1857 ta ba majistare ikon tura yaro ɗan shekara 7 zuwa 14 da aka kama yana gararamba. A 1861 da 1866 aka ƙara mai bara, da maraya mara galihu, da wanda aka gani tare da ɓarayi, da wanda iyayensa suka ce ya fi ƙarfinsu. A 1876 aka ƙara mai gudun makaranta, a 1880 aka ƙara yaran da ke zaune gida ɗaya da mata masu zaman kansu. Da yawa daga cikin waɗannan yara ba su saci ko allura ba. An raba su da iyayensu har su kai shekara 16 bisa hasashen abin da za su iya zama. Masu makarantun kuma ba su ɓoye manufarsu ta yanke alaƙa da gida ba: idan wa'adi ya cika, sun fi son a tura yaro teku, ko soja, ko gona mai nisa, ko Kanada, da a mai da shi lungun da ya fito. Uwar da ta kai ƙarar ɗanta don a tsorata shi, tana iya shekara bakwai ba ta sake ganinsa a ɗakinta ba.

Masu kare tsarin suna da abin faɗa, kuma ba zan hana su ba. Yaron da ke kwana a ƙarƙashin gada ya samu gado da abinci sau uku, ya koyi karatu da lissafi kafin ƙasar ta wajabta ilimi, wani ya fita da sana'ar ɗinki, wani ya koyi busa ƙaho ya shiga ƙungiyar badujalar soja ya yi rayuwa mai mutunci. Akwai waɗanda suka riƙa rubuto wa tsofaffin malamansu wasiƙa bayan sun girma. Idan zaɓin shi ne Wandsworth sau shida ko Redhill sau ɗaya, Redhill ta fi. Amma binciken da ake kafa hujja da shi, abin da ya jaddada shi ne an nema wa yaran aiki kafin a sake su, an ci gaba da bibiyarsu bayan fita, kuma sun faɗa cikin ƙasar da masana'antu da jiragen ruwa da layin dogo da soja ke neman hannu ido rufe. Aiki da aure da matsuguni su suka riƙe su. Kwatanta su da yaran yau ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Yaran da ke tsare a Ingila da Wales a 'yan shekarun nan ba su kai 1,000 ba, kuma su ne masu manyan laifuffuka. Idan ka tara ɓarayin zomo da marayu da masu gudun makaranta ka tsare su, ba abin mamaki ba ne yawancinsu su girma ba su sake ganin kotu ba. Da yawansu ko an bar su a gida haka za su girma.

To me ya rage laifin yara a rabin ƙarnin na biyu? Masanin tarihi V. A. C. Gatrell ya nuna cewa sata da tashin hankali sun yi ta raguwa a Ingila daga wajen 1850 har zuwa yaƙin duniya na farko, ga manya da yara baki ɗaya. Manyan ba su je makarantar horo ba. Albashi ya ɗan ɗaga, farashin abinci ya faɗi daga shekarun 1870 da shigowar hatsi mai arha daga Amurka. Dokar ilimi ta 1870 ta gina makarantun unguwa, ta 1880 ta wajabta zuwa, a 1891 aka ɗauke wa yawancin iyaye kuɗin makaranta. Yaron da ke aji daga safe zuwa la'asar ba ya titi lokacin da ɗan sanda ke sintiri. Kotuna su ma sun ja hannu. Dokar 1879 ta rage tsawon ɗaurin da za a yi wa ƙananan yara, William Harcourt da ya zama ministan cikin gida a 1880 ya matsa wa majistarori lamba ya kuma sa aka saki yara da dama, dokar 1887 ta ba da damar sakin mai laifin farko bisa alkawarin kyautata hali. Yadda doka ta kumbura adadin a farkon ƙarni, haka ita ce ta sace shi a ƙarshensa.

Duk da haka ba a daina kai yara kurkuku ba har Biktoriya ta rasu. A watan Mayun 1897, kwanaki kaɗan bayan fitarsa daga gidan yarin Reading, marubuci Oscar Wilde ya aika wa jaridar Daily Chronicle wasiƙa a kan wani gandiroba da aka kora daga aiki saboda ya ba wani ƙaramin yaro fursuna biskit don ya ga yana kuka da yunwa. Sai a dokar yara ta 1908 aka kafa kotun yara ta daban, aka kuma hana ɗaure ɗan ƙasa da shekara 14 a gidan yari. A wannan shekarar ce aka ba tsarin Borstal na matasa gindin doka, bayan gwajin da aka fara a 1902 a wani ƙauye mai wannan suna a Kent. A 1933 aka haɗe makarantun horo da na sana'a a ƙarƙashin suna ɗaya.

Wannan gado ya iso mu kai tsaye. Dokar yara da matasa da Turawa suka kafa a Legas a 1943 daga ta Ingila ta 1933 aka kwafo ta, dokar Borstal ta Najeriya ta 1962 ita ma daga tsarin Ingila ta samo asali, kuma gidan Borstal na Kaduna jikan wancan tsari ne. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a watan Satumban 2019, mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, a gidan da iyaye suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali, ya nuna cewa matsalar da ta kayar da makarantar St Paul a 1881 tana nan da ranta a wurinmu: gida a rufe, kuɗi bisa kan kowane yaro, mai duba ba ya zuwa. Don haka duk gwamna ko ɗan majalisa ko malamin da ya zo da shawarar a gina sabon gidan kangararru, iyaye da 'yan jarida su tambaye shi wa zai riƙa shiga dubawa ba tare da sanarwa ba, su kuma tambaye shi sunan kafinta ko makaniken da zai karɓi yaron ranar da aka sallame shi. Idan bai da amsa, kada a ba shi yaron kowa.